Darasi na 14: Kogon Kaburburan Lukayawa a Tsibiran Bahamas

MANUFOFIN DARASI

Idan kun kammala wannan darasi, ana sa ran za ku iya:

1. faɗin ko su wane ne Lukayawa, inda suka zauna, da yadda aka ƙarar da su;
2. bayyana abin da mai ziyara zai tarar a Gandun Ƙasa na Lukaya;
3. bayyana yadda masana ke gano shekarun kabari da labarin wanda ke cikinsa;
4. yin lissafin shekaru mai sauƙi;
5. sanin ladabin ziyartar tsohuwar makabarta, da abin da ya kamata ku yi in kun tsinci kayan tarihi.

1. ƘASAR DA MASU ITA NA FARKO

Ku buɗe taswirar duniya, ku nemo nahiyar Amurka. Kudu maso gabas da jihar Florida, arewa da Kuba, za ku ga ɗige-ɗige a warwatse cikin Tekun Atilantika. Tsibiran Bahamas ke nan. Yawansu ya kai kusan 700, amma waɗanda mutane ke zaune a kai kimanin 30 ne kacal. Babban birnin ƙasar shi ne Nassau. Ta sami 'yancin kai daga Birtaniya a 1973, kuma yawancin mutanenta na yau jikokin 'yan Afirka ne da aka kai can a zamanin cinikin bayi.

Tun kafin zuwan Turawa da 'yan Afirka, tsibiran nan suna da masu su. Su ne Lukayawa, wani reshe na mutanen Taino da ke zaune a manyan tsibiran Kuba da Hispaniola. Hispaniola shi ne tsibirin da ƙasashen Haiti da Jamhuriyar Dominika suka raba a yau. Wajen shekara ta 700 zuwa 800 Miladiyya suka fara ƙetarowa cikin kwalekwale, suna bin tsibiri bayan tsibiri, har suka mamaye Bahamas da maƙwabtanta, tsibiran Turks da Caicos.

Ƙasar da suka tarar ba mai sauƙi ba ce. Duk tsibiran dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake yin siminti da shi. Babu ƙarfe, babu dutse mai tauri da za a yi gatari. Don haka suka koma ga teku. Akwai wata babbar katantanwa da ke cikin ruwansu: su ci namanta, su sassaƙa ɓawonta su yi fartanya da wuƙa da abin ado, su ƙona shi su daka su cuɗa da jar ƙasa su gina tukwane. Gatarin dutse kuwa sai dai a kawo shi daga manyan tsibirai ta hanyar fatauci. Suna noman rogo da masara da dankali da auduga. Suna kama kifi da kunkurun teku, suna farautar wata dabba mai kama da gafiya da ake kira hutiya. Kwalekwalensu daga gungume ɗaya ake fafe shi, kuma akwai mai ɗaukar mutum arba'in.

AKWATIN KALMOMI NA 1
Lukayawa: mutanen da suka fara zama a tsibiran Bahamas, kafin zuwan Turawa.
Tsibiri: ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina.
Kayan tarihi: duk abin da mutanen da suka shuɗe suka ƙera, ko suka yi amfani da shi, ko suka bari, kamar tukunya, gatari, gini ko kabari.
Tukwanen Palmetto: sunan da masana suka ba wa tukwanen Lukayawa, waɗanda aka gina da jar ƙasa da dakakken ɓawon katantanwa.

2. YADDA AKA ƘARAR DA SU

Ranar 12 ga Oktoba, 1492, Kiristofa Kolumbus ya sauka da jiragensa uku a wani tsibiri da masu shi ke kira Guanahani. Shi ya sa masa suna San Salvador. Lukayawa ne mutanen farko da ya yi ido biyu da su a wannan sashe na duniya. Sun tarye shi da alheri, suka kawo masa zaren auduga da aku da masu. A ranar kuwa ya rubuta cewa za su yi kyau da bauta, kuma kafin ya bar wurin ya kama wasu ya tafi da su.

Zinariya Kolumbus da Sifaniyawan da suka biyo shi suke nema, Bahamas kuwa ba ta da ita. Abin da take da shi mutane ne. Da ma'aikatan da aka tilasta wa haƙar zinariya a Hispaniola suka fara mutuwa saboda wahala da cututtukan da baƙi suka kawo, sai Sarki Ferdinand na Sifaniya ya ba da izini a 1509 a riƙa kwaso Lukayawa. Aka riƙa cika jirage da su. Daga baya aka lura gwanayen nutso ne, aka koma kai su tsibirin Cubagua, kusa da gaɓar Venezuela, su riƙa nutso suna tsamo lu'ulu'u. Farashin mutum ɗaya, wanda a da peso 4 ne na zinariya, ya haura zuwa 100, har 150. Masana da yawa suna ƙiyasta cewa Lukayawa sun kai kimanin 40,000 lokacin zuwan Kolumbus. Zuwa wajen 1520 tsibiran sun zama kufai. Haka suka zauna babu kowa har 1648, lokacin da wasu Turawan Ingila daga Bermuda suka zo tsibirin Eleuthera.

Misali na 1: Lissafin zama da na ƙarewa
Tambaya: In mun ɗauka Lukayawa sun zo a shekara ta 800, shekara nawa suka yi kafin zuwan Kolumbus? Cikin shekara nawa kuma aka ƙarar da su?
Aiki: 1492 a cire 800, saura 692. 1520 a cire 1492, saura 28.
Amsa: Sun yi kusan shekara 700 suna zaune, aka kwashe su cikin shekara 28. Yaron da ya ga saukar Kolumbus yana ɗan shekara goma, in da ya rayu, bai kai arba'in ba lokacin da garinsu ya zama kango.

Ku riƙe wannan batu, domin a kansa darasin ya tsaya. Lukayawa ba su bar rubutu ba. Ba su bar maroƙi ko dattijon da zai ba jikoki labari a ƙasarsu ba. Ɗan abin da aka rubuta a kansu, waɗanda suka kwashe su ne suka rubuta. Hatta littafin tafiyar Kolumbus na asali ya ɓace, abin da ya iso mana shi ne taƙaitawar da wani limamin Kirista, Bartolome de las Casas, ya yi. Idan ana shari'a kuma ɓangare ɗaya ne kawai ya yi magana, alƙali nagari ba ya yanke hukunci. Shaidar da ta rage daga ɓangaren Lukayawa tana cikin ƙasa da cikin ruwa: kufan garuruwansu, tsingaron tukwanensu, da kaburburansu.

3. ZIYARA ZUWA KOGON

Gandun Ƙasa na Lukaya yana tsibirin Grand Bahama, gabas da birnin Freeport, tafiyar ƙasa da awa ɗaya a mota. An kafa shi a 1982 a kan fili mai eka 40. Hukumar Bahamas National Trust, wadda aka kafa a 1959, ita ke kula da shi.

Daga inda ake ajiye motoci, 'yar siririyar hanya ce ta ratsa cikin kurmi. Ƙasan da kuke takawa dutse ne fari mai ramuka-ramuka. Ba za ku ga tsauni ko bakin kogo a jikin dutse ba, irin wanda muka saba gani. A nan kogon yana ƙarƙashin ƙafafunku, kuma ana shigarsa ne ta inda rufinsa ya rufta.

Kogo na farko shi ne Ben's Cave, wanda aka sa wa sunan Ben Rose, wani mai nutso na tsibirin. Matakala ce mai murɗewa take kai mutum ƙasa. Da sauka za a ji sanyi, a ji cirir-cirir ɗin jemagu a saman kai, a ga ruwa garai-garai har ana hango duwatsun ƙasa da 'yan kifaye. Ruwan sama-sama na daɗi ne, na ƙarƙashinsa kuwa na gishiri, domin ruwan daɗi ya fi sauƙi, sai ya hau kan na teku ya zauna. A lokacin da jemagu ke haihuwa akan rufe wannan kogo don kada a dame su. A cikin ruwan nan ne wata masaniya, Jill Yager, ta gano wata 'yar halitta fara, makauniya, mai kama da shanshani a 1979, wadda masana ba su taɓa sanin irinta ba.

Gaba kaɗan sai na biyu, Burial Mound Cave, wato Kogon Tudun Kabari. A nan ne a 1986 aka gano ƙasusuwan wasu Lukayawa a jikin wani tulin duwatsu da ke cikin ruwa. Kada ku sa ran ganin ƙwarangwal a shimfiɗe. Abin da mai ziyara zai gani shi ne dakalin katako da zai tsaya a kai, saiwoyin itatuwa suna saukowa daga sama, haske yana faɗowa ta inda rufi ya rufta, sai ruwa yana shigewa cikin duhu. Kogunan biyu a haɗe suke ta ƙarƙashin ƙasa. Hanyoyin da masu nutso suka auna sun kai kusan kilomita 10. An hana wanka a ciki, nutso kuma sai da izini.

In an ƙetare titi, akwai gadar katako da ta bi ta cikin itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri, ta ɓulle bakin teku a Gold Rock. Yawancin baƙi can suke hanzarin zuwa. Wanda ya san tarihin wurin ya fi daɗewa a bakin kogo.

AKWATIN KALMOMI NA 2
Gandun ƙasa: filin da doka ta keɓe don kare itatuwa, dabbobi da kayan tarihin da ke cikinsa.
Shuɗin rami: rami mai zurfi cike da ruwa a cikin dutsen farar ƙasa. Zurfinsa ne ke sa ruwan ya yi shuɗi. Suna da yawa a Bahamas.
Kufai: wurin da mutane suka taɓa zama suka tashi.
Duho: kujerar katako mai gajerun ƙafafu, sassaƙaƙƙiya, wadda shugabannin Taino da Lukayawa ke zama a kai a wurin taro da ibada.

4. ME YA SA KOGO?

Ruwan sama yana narkar da dutsen farar ƙasa a hankali, cikin dubban shekaru, har ya fafe shi. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta rufe arewacin duniya, teku ya yi ƙasa da fiye da mita 100, kogunan nan kuma busassu ne. Da ƙanƙarar ta narke teku ya taso ya cika su. A tsibirin da babu kogi, irin wannan rami shi ne rijiyar gari.

Amma ruwan sha kaɗai bai isa ya bayyana abin da aka tarar ba. Yawancin gawawwakin Lukayawa da aka samu, a kogo aka same su ko a shuɗin rami. A tsibirin Andros, masu nutso sun tarar da ƙasusuwan mutane da dama a ramin Sanctuary, suka kuma tsamo ɗan ƙaramin kwalekwale daga ramin Stargate. Kujerun duho ma a cikin koguna aka fi samun su. A Kogon Hartford na tsibirin Rum Cay akwai fuskoki da aka zana a jikin bango.

Wani malamin Kirista mai suna Ramon Pane, wanda ya zauna cikin Taino na Hispaniola a zamanin Kolumbus, ya rubuta cewa a imaninsu mutane daga cikin kogo suka fito, haka ma rana da wata. Tun da Lukayawa danginsu ne, masana suna ganin su ma suna ɗaukar kogo wuri mai tsarki, ƙofa tsakanin masu rai da magabata. Ku lura da bambanci a nan. Samun ƙashi a kogo shaida ce da ido ya gani. Dalilin sa shi a can kuwa hasashe ne mai ƙarfi, wanda aka aro daga maƙwabta. Ɗalibin tarihi dole ya iya raba waɗannan biyu, ko a aji ko a zancen zaure.

5. YADDA AKE KARANTA KABARI

Hawa-hawan ƙasa. Abin da ya fara faɗuwa shi ke ƙasa, na baya-baya yana sama.

Misali na 2: Jujin bayan gida
Malam Audu zai kwashe tsohon jujin gidansu ya kai gona. A sama ya tarar da ledojin ruwa da katin waya. Da ya yi zurfi kamu biyu, sai tsofaffin baturan rediyo da fasasshen kwanon sha. A can ƙasa sai tsingaro da sakaina da kwabo mai huji a tsakiya.
Tambaya: Wane ne ya fi tsufa? Me kwabon ya gaya mana?
Amsa: Na ƙasa ya fi tsufa. Kwabon kuma ya nuna cewa sharar da ke tare da shi ba a zubar da ita kafin a buga kwabon ba. In da Malam Audu ya cakuɗa komai da shebur kafin ya duba, kayan suna nan amma labarin ya tafi.

Da wannan dabara aka yi aiki a Long Bay, a tsibirin San Salvador. A shekarun 1980 Charles Hoffman ya tono wani kufai, ya tarar da tsingaron tukwanen Lukayawa haɗe da duwatsun wuya na gilashi, da maɗaurin ɗamara na ƙarfe, da wani kuɗin Sifaniya da aka buga tsakanin 1471 da 1474. Irin kayan da Kolumbus ya ce ya raba wa mutanen ke nan. In da wani ya riga shi ya tsince kuɗin ya sa a aljihu, da ba wanda zai san a gidan Balukaye ya faɗi.

Agogon cikin ƙashi. Kowane abu mai rai yana ɗauke da wani sinadari da ake kira kabon-14. Tsirrai suna samunsa daga iska, mu kuma daga abinci. Da zarar rai ya fita sai shigowarsa ta tsaya, wanda ke jiki ya fara raguwa bisa ƙa'idar da ba ta canzawa: duk shekara 5,730 rabi ke tafiya. Willard Libby, wani masani Ba'amurke, shi ya fito da wannan hanyar awo a ƙarshen shekarun 1940. Masu awon sun yi ittifaƙi a riƙa ƙirgawa baya daga shekarar 1950.

Misali na 3: Daga awo zuwa shekara
Tambaya: An auna wani ƙashi, aka ce shekarunsa 1,000, da ƙari ko ragi na 50. Yaushe mai shi ya rasu?
Aiki: 1950 a cire 1,000, saura 950. A rage 50, a kuma ƙara 50.
Amsa: Tsakanin shekara ta 900 da ta 1000. Awon ba ya ba da rana ko wata, tazara yake bayarwa.

Akwai wani tarko da ya shafi Lukayawa musamman. Kabon da ke cikin teku ya fi na iska tsufa, saboda haka ƙashin mutumin da ya rayu a kan kifi yakan nuna shekarun da suka fi na gaskiya. Dole mai awo ya fara sanin abin da mutumin yake ci, sannan ya gyara lissafinsa.

Abin da ƙashi ke faɗi. Daga ƙugu da ƙoƙon kai ana gane mace ko namiji. Daga haƙora da gaɓoɓi ana gane yaro ko tsoho. Ƙoƙon kan Balukaye yana da wata alama: goshinsa a baje yake, domin tun yana jariri ake ɗaure kan a hankali har ya ɗauki wannan siffa, wadda a wurinsu kyau ce da shaidar asali. Kayan da aka binne mutum da su ma suna magana. A Preacher's Cave na tsibirin Eleuthera, kogon da Turawan nan na 1648 suka fake a ciki bayan jirginsu ya fashe, an tarar da kaburburan Lukayawa a ƙarƙashin inda baƙin suka yi ta takawa. Ɗaya daga cikin mazan an binne shi da babbar katantanwa da tarin ƙanana, abin da ya sa ake zaton mai muƙami ne.

Gadon jini. Daga Preacher's Cave aka sami haƙorin wata mace da ta rayu kimanin shekara 1,000 da suka wuce. A 2018 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Hannes Schroeder suka bayyana sakamakon binciken ƙwayoyin gadon da ke cikinsa. Ya nuna danginta na kusa su ne mutanen arewacin Amurka ta Kudu masu harsunan Arawak, wato daga can kakanninta suka taso. Ya kuma nuna cewa mutanen Puerto Rico na yau suna ɗauke da wani kaso na jinin danginta. An daɗe ana koyar da yara cewa mutanen asali na waɗannan tsibirai sun ƙare ƙurmus. Garuruwan Lukayawa kam sun ƙare, amma haƙori ɗaya ya tabbatar da abin da iyalai da yawa a yankin suka daɗe suna faɗa, cewa zuriyar Taino tana nan.

AKWATIN KALMOMI NA 3
Ilimin tonon kayan tarihi: nazarin rayuwar mutanen da, ta hanyar abin da suka bari a ƙasa ko a ruwa.
Mazaunin kaya: ainihin inda aka tarar da abu, zurfinsa, da abin da ke kusa da shi.
Kabon-14: sinadarin da ake auna raguwarsa don sanin shekarun ƙashi, itace ko gawayi.
Ƙwayoyin gado: abin da ɗa ke gada daga iyaye a cikin jikinsa, wanda ake kira DNA.

6. ABIN DA YA SALWANTA, DA TAMBAYA MAI NAUYI

An yi asara mai yawa kafin a farga. A ƙarni na 19 kashin jemage ya yi daraja a matsayin taki, aka riƙa kwashe ƙasar koguna ana lodawa a jirage. Ƙashi da tukunya da suka fito, wasu aka watsar, wasu aka sayar wa baƙi. Shi ya sa kujerun duho da dama suna gidajen tarihi na Ingila da Amurka, kuma wasunsu ba a san kogon da suka fito ba. A 1912 Theodoor de Booy ya zagaya tsibiran yana tara wa wani gidan tarihi na New York kaya, har ya tafi da filafilin kwalekwale da ya samu a wani kogo. Sai a 1998 Bahamas ta yi dokar kare kayan tarihi, wadda ta kafa hukumar da ke ba da izinin tono. Yau kuma barazanar ta haɗa da gine-ginen otal a bakin teku, da guguwa. Guguwar Joaquin ta 2015 ta yaye wani tudun yashi a Long Island, ƙasusuwan Lukayawa suka bayyana a fili.

Wani daga cikinku zai ce: to, ya halatta a tone kabarin mutum don neman ilimi? Tambayar tana kan hanya. Musulminmu da Kiristanmu duk mun tashi da sanin cewa gawa tana da alfarma, kuma tsufan kabari ba ya rage ta. Matar nan ta Preacher's Cave 'yar wasu ce, da kuka aka kai ta. Ra'ayin marubucin wannan darasi shi ne, kabarin da ke zaune lafiya a bar shi. Wanda ruwa ko guguwa ko gini zai lalata, gara masana su ɗauke shi cikin natsuwa da a bar shi ga igiyar ruwa ko katafila. In za a yi awo a ɗauki mafi ƙanƙantar abin da zai wadatar, a rubuta komai, sauran kuma a adana shi da mutunci ko a mayar da shi ƙasa. Baje ƙasusuwan mutane don 'yan kallo su biya kuɗi ba shi da hujja. An sayar da Lukayawa suna raye, bai kamata a ci kasuwa da su suna matattu ba. Kuna iya saɓa wa wannan ra'ayi, amma ku zo da dalili.

7. LADABIN MAI ZIYARA DA NA MAI TSINTUWA

Wanda ya je irin wannan wuri ya bi hanyar da aka shata, ya sassauta murya, kada ya ɗauki ko tsingaro ɗaya, kada ya rubuta sunansa a bango, kada ya jefa komai a ruwa. Ya bi maganar ma'aikatan wurin ko da bai ga dalilinta ba.

Da yawanmu ba za mu je Bahamas ba, amma mai haƙa rijiya da mai tonon harsashin gini da manomi kullum suna buɗe ƙasa. A 1987, a Dufuna ta Jihar Yobe ta yanzu, wani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da katako. Bai fasa shi ya yi makamashi ba, aka kai magana gaba. Da masana suka tono suka auna, sai ga kwalekwale mai kimanin shekara 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka. Laimar ƙasa ce ta adana shi, kamar yadda ruwan Stargate ya adana na Lukayawa.

Misali na 4: Tukunya a ramin gini
Malama Hadiza tana sa ido a kan ginin gidanta, sai leburori suka tono tukunya a rufe da ƙasusuwa a gefenta.
Abin da ya kamata: ta tsayar da aiki a wannan gefe. Kada a ɗaga tukunyar, kada a fasa ta don neman dukiya, kada a wanke komai. Ta ɗauki hoto da waya yadda abin yake a kwance, a rufe ramin da buhu ko langa-langa. Ta sanar da mai unguwa da 'yan sanda, tun da akwai ƙashin mutum, sannan a kai labari gidan tarihi mafi kusa. A Najeriya, Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ce ke da alhakin wannan, kuma doka ta hana sayar da irin waɗannan kaya ko fitar da su waje ba da izini ba.

TAMBAYOYIN BITA

A. Cike gurbi
1. Kolumbus ya sauka a tsibirin Guanahani a shekarar ________.
2. An gano ƙasusuwan Lukayawa a Kogon Tudun Kabari a shekarar ________.
3. Rabin kabon-14 yana tafiya duk bayan shekara ________.
4. Kujerar shugabannin Lukayawa sunanta ________.

B. Gaskiya ko ƙarya
5. Lukayawa sun bar littattafai da harshensu.
6. A Ben's Cave ruwan daɗi yana saman ruwan gishiri.
7. Ramon Pane a cikin Lukayawan Bahamas ya zauna.

C. Lissafi
8. Shekara nawa tsibiran suka yi babu kowa, daga 1520 zuwa 1648?
9. An auna gawayi daga wani kufai aka ce shekarunsa 700, da ƙari ko ragi na 40. Tsakanin waɗanne shekaru aka hura wutar?

D. Amsa a taƙaice
10. Me ya sa Sifaniyawa suka kai Lukayawa Cubagua?
11. Me ya sa kuɗin da aka tsinta a Long Bay ya fi amfani a inda aka same shi fiye da a aljihun wani?
12. Kawo shaida ɗaya da hasashe ɗaya game da binne matattu a kogo.
13. Me haƙorin matar Preacher's Cave ya nuna?

E. Tattaunawa da aikin gida
14. Ku kasu gida biyu a aji. Ɓangare ɗaya ya kare tonon tsohon kabari don ilimi, ɗayan ya ƙi. Kowa ya kawo dalilai uku.
15. Ku tambayi dattawan unguwarku ko akwai kufai, tsohuwar ganuwa ko tsohuwar makabarta kusa da ku. Ku rubuta layi goma a kan wurin: sunansa, su wa suka zauna a can, da halin da yake ciki yanzu. Ku zo da shi darasi na gaba.